Makullin Motar Malam Nata'ala

Sallama gare ku, masu bibiyar labarina. Yau abin da na daɗe ina kewayewa shi zan faɗa. Wanda zai zage ni ya zaga, don ni ma na zagi kaina har na gaji. Ni Haulatu, ni na salwantar da gonar ubana, ba fari ba, ba fara ba, ba kuma harajin Bature ba.

Saura shekara uku Turawa su miƙa mulki abin ya faru. Lokacin shekarata ashirin da biyu, ina zawarci a gidanmu a Kankiya. Aurena na fari a Kusada aka yi shi, ya mutu bayan shekara huɗu. Na fito da adakata da kwanonin jerena, na baro yarinya guda da aka yaye a hannun kakarta ta wajen uba. 'Yar fari ce. Ku 'yan yanzu da kuke rungumar 'ya'yanku a bainar jama'a ba za ku gane ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ko lafiyarsa ba ta tambaya. In aka ce ga baƙo daga Kusada, sai in shige ɗaki in yi kamar ina gyaran gado, kunnena kuwa yana tsakar gida ko wani zai ambace ta. Shekara guda da wata biyar ban sa ta a ido ba, kuma duk gidan ba wanda na taɓa nuna wa abin yana cina.

Mahaifina Malam Nata'ala, da muke kira Baba Malam, mutum ne mai karantar da manya littattafai a zaure. Dukiyarsa a duniya gona guda ce ta gado a Kafinsoli, sai shanun noma biyu. Yayana Dawuda ya je Kano ya koyo tuƙi, ya dawo da lasin da baki. Kullum zancensa ɗaya, gyaɗa tana kuɗi, masu mota ne ke kwashe ribar, mu muna nan muna bin bayan shanun noma. Innarmu, da kowa ke ce wa Inno, ta goya masa baya. Haka suka yi ta yi wa tsohon nan naci har ya sayar da gonar da shanun, ya sayi wata motar ɗaukar kaya mai bodin katako, wadda ta riga ta sha hannu, a wajen wani dillalin motoci mai suna Sada.

To, Sada. Ko yanzu in na tuna shi sai in ji haushin idona. Dogo ne, wankan tarwaɗa, da jar hular dara a kai, da agogo a hannu, da haƙorin zinare guda wanda ba ya bari a manta da shi. Rigarsa kullum tana ƙamshin turare, ba ka taɓa cewa da baƙin mai yake cin abinci. Cinikin mota ya kawo shi gidanmu, ya hango ni ina shanya a tsakar gida, kafin mako ya zagayo ya fara aiko da Tani dillaliya. Tani tsohuwa ce mai yawo gida gida da ƙunshin zannuwa, a cikin ƙunshin take ɓoyo mini sabulu da ɗan kwali da 'yar takarda da ajami, don ya ji labarin 'yar malam ce ni, ina karatu ina rubutu. Ni ma nakan ba shi amsa. Abubuwan da na rubuta masa, ba zan maimaita muku su ba, ku dai ku san bazawara ce mai jin an tuna da ita.

Ba sabulun ne ya kama ni ba. Wata la'asar ya zo zance, ina tsaye a soro da atamfata mai ruwan ganye da gyale fari, sai ya rage murya ya ce ya bi ta Kusada, ya ga wata yarinya mai wushirya irin tawa tana wasa a ƙofar wani gida, ta yi ƙiba. Bai kira sunanta ba, bai kalle ni ba. Na sunkuyar da kai ina murza bakin gyale, hawaye na ɗiga a kan lallen ƙafata. Na ce a raina, yau ga namijin da ya san abin da ke cikin mace ba tare da an gaya masa ba. Ashe sani kam ya sani.

Kwana tara da sayen motar, Yaya Dawuda yana dawowa daga Yashe da lodin gyaɗa, sai gabanta ya turnuƙe da tururi. Da aka kira bakanike ya buɗe, ya kankare wani wuri da wuƙa, sai ga tsaga a jikin injin, tsohuwar tsaga, an toshe da dalma an bi da baƙin fenti. Ya ce in ana ɗura mata ruwa za ta ɗan lallaɓa, amma kwananta a ƙirge yake, kuma wanda ya sayar ba yadda za a yi a ce bai sani ba.

Baba Malam bai yi faɗa ba. Ya ɗauki dattawa biyu ya je wajen Sada, ya ce ga aibin da aka gani, ya karɓi motarsa ya maido da kuɗi. Sada ya durƙusa har ƙasa ya gaishe su, ya yi ta rantsuwa, ya ce a ba shi lokaci. Da lokacin ya yi ta tsawo, Baba Malam ya kai ƙara gaban alƙali, aka sa ranar Litinin. Ya sa aka tura motar gindin katangar gidanmu aka rufe ta da zana. Sannan ya tara mu a tsakar gida, har da ni da Inno, abin da bai saba ba.

Ya ce, "Ku saurara da kyau. Shari'a ta ba mai saye iko shi maida abin da ya saya in ya iske aibin da aka ɓoye mashi. Amma in ya ga aibin, kuma ya ci gaba da morar abin, to ya yarda ke nan, ba shi da sauran magana. Ko jaki ne haka hukuncin yake. Motar ga, kar wanda ya tada ta, ko da taku guda, sai alƙali ya yanke."

Ya sa makullin a cikin gafakarsa, ya rataye a turaka. Duk mun ji, ba wanda zai ce bai ji ba. Ni kuwa da ba ni da wayo, a takardar da na ba Tani washegari, sai da na rubuta wa Sada duk abin da Baba Malam ya faɗa, wai ina roƙonsa ya maido da kuɗin don kada rigimar maza ta ɓata tsakaninmu.

Ranar Alhamis Baba Malam da Inno suka tafi Dudunni ta'aziyyar wani ƙanen Inno, za su kwana. Da hantsi ina tankaɗen gero sai ga Tani, ba ko zama, ta saka mini takarda a hannu ta fita. Na shiga ɗaki na buɗe.

"Haule, jiya na biyo ta Kusada. Ƙyanda ta kama yarinyarki, kwana uku ba ta buɗe ido ba. Sun ce kada a gaya miki. Ni ba zan iya ɓoye miki ba. In kina son ki same ta da rai, yau ne."

Ku da kuke karantawa za ku ce, ai da sai ki tambaya. In tambayi wa? In fita in buga ƙofar maƙwabta in ce, don Allah wa ya ji labarin 'yar farina? Bakina bai taɓa koyon wannan ba. Kuma a shekarun nan ƙyanda in ta shiga unguwa, a rana guda sai a fitar da yara biyu, uku. A ƙafa ba zan isa ba sai rana ta faɗi, motar haya kuwa ba ta shiga Kusada sai ranar kasuwa. Ban san lokacin da na tsinci kaina a turakar Baba Malam ba, hannuna a cikin gafaka, ɗakin da ko shara ba na shiga sai da sallama.

Yaya Dawuda yana zaure yana gyaran igiyar guga. Da ya ga makullin sai ya miƙe, ya ce in mayar tun kafin ya ɓata mini rai, ko na manta gonar gidanmu ce kwance a ƙarƙashin zanar nan. Na nuna masa takardar, ya karanta, ya ce Allah ya ba ta lafiya, amma mota ba za ta tashi ba. Sai na durƙusa na kama ƙafarsa, na kira sunan yarinyar da bakina, da ƙarfi, har sau biyu. Tunda na haife ta bai taɓa jin haka daga gare ni ba. Ya tsaya yana kallona kamar bai san ni ba, can ya ce in ɗauko garwa biyu in cika da ruwa.

Muna tafe muna tsayawa ana ɗura ruwa. Mun wuce Kafinsoli, mun wuce gonar da aka sayar, dawa ta yi kai a cikinta, ba wanda ya kalli wajen a cikinmu. Gaba kaɗan sai ga wasu mutum biyu a gindin tsamiya da buhunan gyaɗa uku, dattawa masu gemu, suna ɗaga hannu. Yaya Dawuda ya so ya wuce, sai ɗayan ya tako tsakiyar hanya ya ce, "Ɗan Malam, halan wuce mu za ka yi cikin ranar ga? Jakinmu ne ya gurgunce." Wa zai wuce dattijon da ya kira shi da sunan ubansa? Ya tsaya, suka ɗora buhunan. Da muka isa Kusada suka miƙo masa sule biyu, ya ƙi, suka cusa masa a aljihu suna cewa haƙƙinsa ne, ba su cin guminsa. Ni hankalina ba ya wajen, ban ko lura cewa su biyu ne cif ba, iyakar shaidun da alƙali yake nema.

Tun daga nesa na hango ta. Tana zaune a ƙofar zauren gidan tsohon mijina, da ɗan zane a ƙugu, tana cin dafaffen rogo, kumatunta sun cika. Ko ƙurji guda babu a jikinta. Ta ga mota ta tashi da gudu, ta gan ni na sauko ta ƙara gudu, ta shige bayan kakarta tana leƙe. Ba ta gane ni ba.

Tsohuwar ta dube ni tun daga ɗan kwali har takalmi, ta ce, "Lahiya? Mi ya kawo ki? Ko kunyar ce ta ƙare a Kankiya, har a mota ake zuwa ganin ɗiyar fari?"

Matan gidan suka fito suna dariya a cikin mayafi. Na tsaya da hannuwana a sake, yarinyar tana taku uku daga inda nake, ban iya taɓa ta ba. Na ce hanya ce ta biyo da mu, na ce a gaida mutanen gida, na juya. Wallahi a wannan lokacin ban san ko murna zan yi tana da rai ko kuka ba.

Ni da Yaya Dawuda muka kama hanyar dawowa. Sai da muka zo gindin tsamiyar nan ya rage gudu, ya duba, ba jaki ba alamar jaki. Ya zaro sule biyun daga aljihu ya wurga cikin ciyawa, amma wurgawar ba ta amfana komai ba. Daf da shiga gari motar ta yi tari ta mutu, mutuwar da ba ta sake tashi ba. Mutanen kasuwa ne suka taya mu turo ta har ƙofar gida da la'asar sakaliya, kowa yana gani. Muka mayar da zana, na mayar da makulli a gafaka, kamar wannan zai rufe wani abu.

Ranar Juma'a Baba Malam ya dawo. Ya tsaya ya dubi sawun taya a ƙofar gida, ya daɗe yana dubawa, ya shiga. Bai tambayi kowa komai ba. Kwana uku ina kai masa abinci ina cewa yau zan faɗa, in na durƙusa sai in ajiye kwano in fito ban faɗa ba.

Ranar Litinin na yafa babban mayafin Inno na saƙi, na bi bayansu, na raɓe jikin tagar zauren shari'a cikin masu tallan fura. Niyyata in an zo wajen in ɗaga murya in ce ni ce. Sada yana zaune da farar riga tas. Bai ko yi gardamar tsagar ba. Ya ce shi dai bai san da ita ba, amma ko ma akwai, Malam ya gani ya yarda, tunda bayan ya kawo ƙara motarsa ta yi jigilar gyaɗa zuwa Kusada har an karɓi kuɗin mota. Aka kira dattawan nan biyu, suka faɗi rana, suka faɗi wuri, suka faɗi sule biyu.

Alƙalin mutumin kirki ne, kuma ya san darajar Baba Malam. Sai ya buɗe masa ƙofar mafita. Ya ce, "Malam, in ba da izininka aka tada motar ba, haƙƙinka yana nan, ba a kama mutum da yardar da bai yi ba. Sai dai ka faɗi wanda ya ɗauki makulli, a kirawo shi nan gaban jama'a shi yi bayanin abin da ya sa."

Sai Sada ya yi gyaran murya, cikin ladabi, ya ce in kotu tana so yana da wasu takardu a aljihu da za su taimaka a gane wanda ke da hannu a cikin gidan, sai dai a karanta su a fili. Ya ɗora tafinsa a kan ƙirji. Takarduna ne, duk abin da na rubuta masa tun farko. Maimakon in ɗaga murya in ce ni ce, sai na dafa bango na yi shiru. Wannan shirun shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko muni.

Ta tagar ina ganin ƙeyar Baba Malam. Mutumin da ko a wasa ban taɓa jin ya faɗi abin da ba haka ba, wanda manya ke zuwa daga Yashe da Dudunni su tambaye shi hukunci. Ya daɗe kansa a sunkuye. Can ya ɗago ya ce, "Da izinina aka tada ta."

Alƙali ya sake tambaya, ya ce ya yi tunani. Ya maimaita, muryarsa ba ta ko yi rawa ba. Aka yanke cewa ciniki ya tabbata, ba mayarwa. Sada ya taso ya durƙusa a gaban Baba Malam, wai Malam ya yafe masa, shari'a ce ta gifta.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Masu cewa Malam ya tsufa ya manta karatunsa suna yi, masu cewa kwaɗayin sule biyu ya ja masa suna yi. Mutum uku cikin masu ɗaukar karatu a wajensa ba su zo ba ranar. Inno ta zauna a bakin murhu ba ta hura wuta ba. Yaya Dawuda ya faɗa mata komai, ta kalle ni sau ɗaya, ba ta sake ba.

Ana cikin haka sai ga Tani da kwando a kai, an rufe da sabon ɗan kwali. Goro ne fari, manya manya. Ta ajiye ta ce Sada ya aiko, yana neman aurena a bisa sunna, kuma ya ce ranar da aka kai ni ɗakinsa zai karɓi motarsa ya maido da rabin kuɗin, don ba ya son surukinsa ya wulaƙanta. Rabi, jama'a. Inno da ba ta yi mini magana ba tun rana, sai ga ta a ƙofar ɗakina tana cewa rabin gona ai ya fi babu, kuma wanda ya ɓata shi ya kamata ya gyara. Yaya Dawuda ya ce in ina da sauran imani in karɓa, shi ba ya iya fita kasuwa.

Na fita na je turaka, na yi sallama, na durƙusa daga bakin ƙofa. Baba Malam yana zaune a kan buzu, littafi a buɗe a gabansa, ba karantawa yake ba. Na ce Baba ni ce na ɗauki makullin. Ya ce ya sani tun ranar Juma'a, don Dawuda bai san inda ake kwance igiyar gafakar ba. Na ce ya yafe mini. Bai amsa wannan ba. Na ce ga abin da Sada ya aiko da shi, me zan yi.

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Haulatu, shekara sittin ban yi ƙarya ba, yau na yi ta gaban alƙali. Na ba da gonar ubana da gaskiyata don kar a karanta sunanki cikin kotu. Ba ni da wata gonar, ba ni da wata gaskiyar da zan ƙara bayarwa. In kin ga dama ki ɗauki sunan naki ki kai ma Sada, rabin kuɗi ya yi mashi farashi. Ke bazawara ce, bakinki naki ne, ni ba zan ce ki yi ba, ba zan ce ki bari ba."

Ya mayar da idonsa kan littafin. Na fito. Inno tana tsaye a gefe, Yaya Dawuda yana bakin zaure, rumbunmu da ba za a zuba masa komai ba bana yana tsakiyarmu. Tani ta gyara zama a kan tabarma kusa da kwandon, ta ce in yi haƙuri in ba ta amsa, an ce kada ta wuce magariba.